Saran Kaka a Jikin Giginya

A bakin ƙauyenmu, ta wajen Shanga, akwai giginyar da kakana yake sara da adda duk shekara, daidai inda ruwan kogi ya tsaya in ya cika. Wanda zai kafa bukka ko murhun bandar kifi sai ya fara duba saran nan.

Shekarar da na gama firamare aka ce za a gina mana ajujuwan ƙaramar sakandare. Na yi murna, domin Inna ta riga ta rantse ba zan riƙa shiga jirgi kullum zuwa makarantar ƙetare ba. Ko a gina a nan, ko in zauna gida.

Masu awo sun zo a ƙarshen rani, ruwa ya janye, fili ya kwanta fes. Suka buga turaku a gindin giginyar. Ina tsaye da ruwan shan da aka aike ni in kai musu, ina kallon saran bara sama da hular babbansu. Kaka ne ya yi magana.

"Ranka shi daɗe, wurin ga na ruwa na."

Mutumin ya yi dariya yana goge takalminsa da ciyawa. "Baba, a takarda nan aka ce. Kai dai kama mana kifi."

"Kifi kam za shi zo har aji," in ji Kaka.

Aka gina, aka shafa shuɗin fenti, aka haƙa masai a gangare. Mako bakwai muka yi a ciki. Da ruwa ya taso, masai ya fara shiga, ya kwaso abin da ke ciki ya kawo mana. Ranar da muka je kwashe benci, ruwan ajin baƙi ne, tsutsotsi na yawo a kai, ga tarwaɗa tana motsi ƙarƙashin allo. Na yi amai ta taga. Warin bai bar hijabina ba sai da na wanke sau uku.

Da ruwa ya janye, masu ginin suka dawo. Na ɗauka za a matsa kan tudun bayan masallaci. Fenti suka kawo. Suka shafe layin laka, suka bi ta kan tsagar bango, suka ɗauki hoto. Shugaban makaranta ya ce ba zai zaunar da yara ƙarƙashin bangon nan ba, aka mayar da ajinmu ƙetare.

"Ke ba ki zuwa," in ji Inna.

Yanzu kifi nake juyawa a banda. Daga nan ina hango shuɗin bangon, da sabon saran Kaka, sama da taga.