Shuɗin Biron Sodangi

Duk wanda ya yi aure ko suna tsakanin Bodinga da Shagari a shekarun nan, da wuya katinsa bai bi ta hannun Malam Sodangi ba. Shagonsa na jikin nawa a bakin tasha, ni ina ɗinki shi yana buga takardu, don haka na san halinsa fiye da yadda zai so.

Tsohon mai buga tafireta ne a sakatariya. Tafiretar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya buga harafin tsirara, ya ɗauki shuɗin biro ya yi masa lanƙwasa da hannu. Da ya yi ritaya ya sayi kwamfuta, wani ya saka masa haruffan masu lanƙwasa. A gabansa ras suke fitowa. Amma da an kai aikin Sakkwato wajen masu babban inji, sai kowanne ya koma ɗan akwati. Katin farko da ya dawo, layin amarya cike da akwatuna, mutane suka ce tun ba a ɗaura ba an fara jera lefe. Sodangi ya ce kwamfuta munafuka ce. Ya koma bugawa tsirara, ya koma wa bironsa.

Sai dai hannu yana gajiya. In aka kawo kati tuli, na sama kawai yake yi wa lanƙwasa yana mita, in yatsu sun sage ya ce sauran mai hankali ya karanta. Masu biki kuwa sai su ware masu shuɗin su kai wa surukai da dattawa, ragowar a watsa a masallaci da kasuwa. A hankali abin ya zama doka. In katinka da shuɗi, tabarmar ciki ce taka da kwano mai nama. In babu, ka yi fatiha ka ɗauki goronka ka kama gabanka. Na sha ganin dattijo ya karɓi kati ya karkata shi wajen rana, ba karatu yake ba, tawada yake nema.

Ana nan 'yarsa Safinatu ta gama karatun kwamfuta, aka sa ranar aurenta da wani malamin firamare ɗan Dandin Mahe. Ta ce katinta ba za a yi masa zane kamar littafin ɗan aji ɗaya ba. Ta sauya samfurin haruffan, ta kulle aikin yadda ko wane inji ya buɗe shi ba abin da zai motsa. Katin ya dawo tsaf, kowace lanƙwasa baƙa wuluk a mazauninta. Sodangi ya duba, ya soke bironsa a aljihu, ya shigo shagona ya zauna. Ranar ya ba ni tausayi ƙwarai.

Na ce, "Ka dai gaya mata abin da mutane za su ce?"

"Mi zan ce? Ita tay yi karatu." Sai na ga gefen bakinsa yana motsi kamar mai danne murmushi, tausayin ya ragu.

Ba a daɗe da rabon kati ba direban motar Dandin Mahe ya dawo da guda. Na Alhaji Haliru ne mai albasa, ƙanen mahaifin ango, wanda zai karɓi auren. Ya haɗo da saƙo: "Sodangi ya yi shekara da shekaru shina zuba ma baƙi tawada. Ni da zan amshi ɗiyatai ya aiko min katin 'yan goro. Su biɗi wani wakili."

Safinatu ta kira Alhaji a waya ta yi gaisuwa, ta yi bayani cewa duk katin iri ɗaya ne, ba a bambanta kowa ba. Nan ta ƙara ɓata lamarin.

"Iri guda? Ke nan ni da mai facin taya anka yi muna kati guda?"

Dangin ango suka ce in Alhaji bai taka ba, babu mai takawa. Safinatu ta zo shago ido jawur. Uban nata kuwa ya shiga lalube cikin takardu wai biron ya ɓace, ga murfinsa yana leƙowa daga aljihu. Raina ya ɓaci. Na ce in bai tashi ba, aljihun ni na ɗinka shi kuma ni zan yage shi.

Ya hau mota har Dandin Mahe, ya tarar da Alhaji Haliru yana tsintar ruɓaɓɓiyar albasa. Sodangi ya ɗora katin a gwiwa, ya bi kowace baƙar lanƙwasa ya hau ta da shuɗi. Alhaji ya karkata katin wajen rana, ya gyaɗa kai, ya cusa shi cikin hula. Ranar ɗaurin aure shi ya riga liman zuwa.

Da yamma, ana shirin kai amarya, sai aka aiko wai Safinatu tana kiran babanta a zaure. Ni na raka shi. Ta miƙo hannu ta ƙarƙashin lulluɓi, da kati guda.

"Baba, nawa hwa?"

Sodangi bai lalubi komai ba. Ya zaro biron, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har layin ƙarshe. Shi ne kaɗai katin da na taɓa gani ya gama bai yi mita ba.