Na Yi Ta Canza Kwas, Ƙanwata Tana Jira

A lokacin ni saurayi ne mai ƙwaƙwalwa amma marar zama wuri ɗaya, ɗan fari a gidan wani malamin Islamiyya a Birnin Kudu. Ni da ƙanwata mai bi na kusan tare muka gama sakandare, kuma gaskiya ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Baba ya zaunar da mu ya ce ƙarfinsa ba zai ɗauki mutum biyu a jami'a lokaci guda ba, don haka in fara tafiya, ina gamawa ita ma ta shiga. Ta ce ta amince.

Na samu gurbi a fannin injiniya. Ban cika shekara ba ajin ya ishe ni. Malami yana zane a allo, ni hankalina yana waje. Wani abokina ɗan Gwaram ya ce min masu karatun tattalin arziki ake ɗauka a banki, sai na nemi canji. Can ma ban zauna ba. Wani malami ya yaba min a darasin lissafi, na ɗauka nan Allah ya ajiye rabona, na koma sashen lissafi aka mayar da ni baya. Da karatun ya yi tsauri na fara faɗuwa, sai na ga ai ni da ma ɗan jarida ne, tunda kowa yana cewa ina da murya. Wannan karon sai da na bar makarantar, na sake zana jarrabawar shiga jami'a, na faro daga tushe. Kowane canji da hujjar da nake kawowa gida, Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ƙanwata kuwa in na zo hutu takan tambaye ni saura shekara nawa, in ce mata kaɗan. Ban taɓa tsayawa na gane cewa shekarunta nake ci ba.

Da na gama, na dawo gida ina ɗokin in ce mata lokacinta ya yi. A lokacin ta auri wanda take so a Sara, har da yara biyu. Na hau babur na je. Ta yi min barka, ta dama min fura, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ɗan yi murmushi tana gyara goyonta, ta ce, "Yaya, na jira har na daina. Ka bar shi kawai." Daga nan sai ta shiga tambayata jikin Inna.

Yau ina aiki a gidan rediyo, mutane suna yaba muryata, amma na kasa samun natsuwa. Na yi mata maganar karatu daga gida, na ce zan ɗauki nauyi, ta ce sai yaran sun tasa. Ban san ko da gaske take ba, ko dai ba ta son in ji kunya ne.

Ɗalibai 'yan uwana, ba laifi ba ne mutum ya canza fanni idan ya tabbata bai dace da shi ba. Amma ku nemi shawara tun kafin ku shiga, kuma ku bambance wahalar karatu da rashin dacewa. Kafin ku sake farawa daga aji ɗaya, ku waiwaya gida ku ga wa ke tsaye a bayanku. Tawa ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, shi ya sa ban ji ta ba.