Ranar da Ɗan Rakiya Ya Nemi Mai Raka Shi

Daga Karaye zuwa Rogo babu ƙofar babban mutum da ba ta san takalmina ba. In na yi tari a Beli, daga Kafin Dafga ake yi mini sannu. Wayata kuwa, saboda nauyin lambobin manya da ke cikinta, aljihun da nake sa ta ya fi ɗan'uwansa tsawo, har telana ya ce in riƙa sauya mata ɓangare don rigar ta daidaita.

Ni malamin gona ne. A ɓangaren Rogo aka ajiye ni tun gemuna yana baƙi, ina zaga ƙauyuka a kan babur ina nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin zuba taki da maganin tsutsar masara. Amma ba da wannan aka san ni ba. Da rakiya aka san ni.

A wajenmu mutum ba ya zuwa gaban babba ya buɗe baki ya ce shi mai ƙoƙari ne, a ba shi kaza. Rashin kunya ne. Sai dai ya nemi wanda zai raka shi, ya yi magana a madadinsa. Wanda na fara rakawa wani maƙwabcina ne Bafulatani a gefen Beli, yana noma yana kiwo, an matse masa hanyar da shanunsa ke bi zuwa ruwa. Hausa a bakinsa kamar tawa, amma da ya ga rawanin dagaci sai ta gudu ta bar shi, Fulatancin ma ya bi ta. Na raka shi, na yi magana, aka buɗe hanya. Washegari ƙwaryar nono ta iso gidana, ni kuma na gane Allah ya ba ni wata sana'a ban sani ba.

Rakiya tana da tsari. Ɗan rakiya shi ke fara shiga, shi ke jan gaisuwa: gida, iyali, gona, damina, ƙafar nan da aka ce tana damun mai gida. Ba a taɓa buƙata sai babba ya yi dariya. In ya dara, sai ka ɗan juya ka ce ga yaronka na kawo, sannan ka wanke shi tas, ka jera halayensa na kirki, har da waɗanda kake fatan zai samu nan gaba. Shi kuwa mai buƙata yana zaune daga baya kaɗan, idonsa a kan tabarma, kalma biyu ce rabonsa: amin da na gode. Na raka masu neman aiki, na raka masu neman ƙarin girma, na raka masu ban haƙuri. Har ta kai babur ɗina in ya hango zaure mai fenti da kansa yake rage gudu.

Ƙofar da na fi taƙama da ita ta wani dattijo ce a cikin garin Karaye. Ya daɗe da yin ritaya daga aikin gona na gwamnati, amma yaran da ya ɗauka aiki a zamaninsa su ne yanzu shugabanni, kuma har yau in ya kira su tsaye suke amsa wayar. Bayan la'asar yake zama a zaure da rediyonsa da butarsa da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ba ya son yawan kiransu da buƙata. Yakan ce mutuncin tsoho kamar ashana ne a kwali, kowace ka ƙyasta ta tafi. Yaran da na kai masa suka samu aikin malamin gona, da za a jera su, sai sun kai bakin dam. “Mutumina” yake kirana. Kullum sai ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni babur, ya tambaye ni tsadar mai, ni kuma in ce a raina dubi yadda tsohon nan ya damu da ni.

To sai ga buƙata ta zo gidan ɗan rakiya. Mahaifiyata tana Kafin Dafga. Tun rasuwar mahaifinmu take fama da gwiwa, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakinta da awakinta ta koma Rogo ba. Ƙarshen mako nake zuwa, in damina ta ɓata hanya ma wani makon ba na samu. Wata rana ta faɗi a gindin randa, maƙwabta ne suka ɗaga ta, ni ban ji ba sai da kumburin ya fara sacewa. A daidai lokacin na ji malamin gonar da ke kula da Kafin Dafga zai ajiye aiki bayan kaka. In aka ba ni gurbinsa, kullum a gida zan kwana. In aka ba wani, wa ya san shekarun da zai yi a kai, kuma gwiwar Inna ba ta jira.

Da na gaya mata, ta ce ai ni da na san kowa wannan ba abin damuwa ba ne. Na ce, “Inna, tari ɗaya zan yi.”

Na je gidan dattijo ni kaɗai. Na jera takalma, na ja gaisuwa, na ba shi labarin wani manomi da ya zuba wa rakensa taki har raken ya fara leƙa gidan maƙwabta. Ya yi dariya har da share ido. Sannan ya karkata ya duba bayana. Ya sake miƙa wuya ya leƙa ƙofar zaure.

“Ina shi?”

“Wa, ranka ya daɗe?”

“Wanda ka kawo mana.”

Nan harshen nan da ke iya sayar da ruwa a bakin kogi ya naɗe. Me zan ce? Ga wani bawan Allah mai haƙuri da riƙon amana, kuma ni ne? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne gaisuwa kawai na zo yi. Mamaki ya kama tsohon, ya ce lallai duniya da sauran zumunci. Ya ɓara goro ya ba ni babban ɓarin, na tauna shi har Rogo ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na gane dole in nemi mai raka ni. Na bi abokan aiki masu baki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na ce wa ya raka ni gidan dattijo sai ya kwashe da dariya, ya ce wannan ta fi ta jiya, ya tafi yana ba wasu. Laifin mai barkwanci ke nan, ranar da ya zo da gaskiya babu mai saye. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ma don ba ya dariya ne. Wani abokin aikinmu ne da ke kula da Rogo Ruma, ƙanina a shekaru da aiki, ni na raka shi wajen dattijon lokacin da yake neman ɗauka. Mutumin kirki, manoma suna sonsa, amma magana a wajensa kamar haƙo rijiya ce. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “To, Yaya.”

A kan hanya, yana bayana a babur, na koya masa karatun duka. Kai za ka fara shiga. Ka yi gaisuwa. Ka ce ga yayanka ka kawo, mahaifiyarsa ta tsufa, ga gurbi a garinsu. Kowace gaɓa ya ce to. Na sa ya maimaita, iska ta kwashe rabi, na ɗauka ya iya.

Da muka isa, ƙafafuna ba su tambaye ni ba, suka shige gaba. Kafin in farga na zauna a wurin da na saba, shi kuma ya zauna daga baya kaɗan, idonsa a kan tabarma, daidai inda ya zauna shekarun baya. Na yi gaisuwa, tunda wani dole ya yi ta. Dattijo ya dara. Sai aka yi shiru. Na taɓa shi da gwiwar hannu, ya ƙara sunkuyar da kai. Ni kuwa a duniya babu abin da ke ba ni tsoro kamar shiru. Na ce a raina bari in ɗan ɗaga darajarsa, don in ya yi magana a kaina ta yi nauyi. Na ce wannan yaro ba ya ƙarya. Na ce a Rogo Ruma masara in ta ji ƙarar babur ɗinsa miƙewa take yi. Da na ga har yanzu bai kama ba, sai na shimfiɗa masa hanya, na ce ga shi kuwa an ce gurbi zai buɗe a Kafin Dafga, wurin yana son mutum mai haƙuri. Na dakata ina jiran abokina ya ɗora.

Dattijo ya miƙa hannu ya ɗauki wayar nan mai roba. Ya kira wani, suka gaisa gajere, ya faɗi sunan abokina, ya faɗi Kafin Dafga, ya ajiye. Ya ce an gama, tunda mutuminsa ne ya kawo shi. Ladan ya ɗaga murya, tsoho ya jawo buta. Abokina, da ladabinsa, ya ce, “Na gode.”

Muka fita daga gari. Na tsaya a gindin wata ɗorawa, muka sauka muka kalli juna. A nan ya yi jawabi mafi tsawo a rayuwarsa. Ya ce shi ba ya son Kafin Dafga. Iyalinsa suna Rogo Ruma, gonar rakensa tana can, yaransa sun saba da makarantarsu. Na tambaye shi to me ya sa ya yi godiya. Ya ce ya ga wurin godiyar ya zo.

Ranar Asabar Inna ta tambaye ni ko na yi tarin. Na ce maƙogwaro ne ya ɗan bushe. Ta dube ni, ta ci gaba da shafa man zafi a gwiwa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kwanaki suka shuɗe ina juya abin. Komawa wajen dattijo a ce ya warware abin da ya ɗaura ba ƙaramin abu ba ne, ashana biyu ke nan a kan magana ɗaya. Sai ga abokina ya same ni a wata gonar gwaji a Beli, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce yana da buƙata wajen dattijo, a bar shi a Rogo Ruma, ko zan raka shi.

Jin kalmar nan kawai, sai na ji jinina ya dawo daidai. Wannan ai gonata ce.

Ranar na yi rakiyar da ban taɓa yin irinta ba. Na fara da ban haƙuri, na ɗora laifin a kan bakina, wanda na ce tun ina yaro yake riga hankalina isa wuri. Na kawo maganar raken, na kawo yaran, na kawo manoman Rogo Ruma da na ce tun da suka ji labari ko tuwo ba sa iya haɗiyewa. Dattijo bai yi dariya ba. Ya rage muryar rediyo, ya ce shi ba yaro ba ne da za a sa shi ya kira mutane yau ya ce kaza, gobe ya ce ba kaza ba. In ya janye wannan, wa zai ce musu a sa? Ko so muke a ce ya fara ruɗewa?

Aka yi shiru. A karo na farko a rayuwata na bar shirun ya zauna. Sai na ji murya daga bayana, ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta abin da ya haddace.

“Baba, ga yayana na kawo. Shi ma malamin gona ne, ya riga ni shiga aiki. Kafin Dafga garinsu ne. Mahaifiyarsa ta tsufa, ta faɗi ba ya nan. Dama tun wancan zuwan ni ne ɗan rakiyar.”

Ashe iska ba ta kwashe komai ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan tabarma. Ban taɓa lura da irin saƙarta ba sai ranar.

Dattijo ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki waya. Na ji yana cewa tsufa ne, ya haɗa mutum biyu a magana ɗaya, a gyara. Can ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya sunkuyo ya tambaye ni wai mene ne ma sunana. Na faɗa masa. Ya maimaita wa na cikin wayar a hankali, kamar sunan wani sabon irin shinkafa. Ya ajiye, ya yi wa Inna addu'ar samun sauƙi. Na ce amin. Na ce na gode. Kalmomin nan biyu, ashe da nauyi suke.

Bayan kaka na koma Kafin Dafga, kuma a nan nake har yau. Ni ke cika wa Inna randa da safe, ita kuma tana gaya wa maƙwabta ɗanta tari ɗaya ya yi. Ban gyara mata ba, don ba kyau a riƙa musu da iyaye.

Abin da ban gaya mata ba shi ne abin da ya faru a ƙofar zaure ranar, muna sa takalma. Na ɗan farfaɗo, har na fara gaya wa abokina cewa ka ga amfanin sanin manya. Dattijo ya fito da butarsa zai yi alwala, ya tsaya ya dubi babur ɗina, ya dube ni.

“Mutumina, ashe kai ma ma'aikaci ne. Ni duk shekarun nan na ɗauka kai ne ɗan acaɓan da ke kawo su.”