Filin da Baba Ya Bari Tsakanin Itatuwa

Shekara bakwai ke nan da aka kai Baba makwancinsa a nan Tamanrasset. Duk shekara idan watan ya kewayo, nakan zauna a tsakar gidan da muke haya a unguwar Sersouf in yi masa addu'a, in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda abin da ya faru a lambun Hirafok.

Baba ya zo daga Damagaram yana saurayi. Ya yi dakon siminti a wuraren gini har Allah ya haɗa shi da Ammi Musa, wani dattijon Buzu mai lambu a Hirafok. Ammi Musa ya kawo ƙasa da rijiya, Baba ya kawo ƙarfinsa, daga baya kuma wata tsohuwar tarakta, amfani a raba. Da wannan rabon aka ciyar da mu, da shi aka sa ni lekkol, wato makarantar boko.

Gardama ɗaya suke yi, ba su taɓa gama ta ba. Ammi Musa ya ga ɗan ƙaramin katafilan nan na masu gini, mai shebur a gaba, wanda ke juyawa a inda yake tsaye, sai ransa ya biya. Duk zaman shayi sai ya ce a sayar da tsohuwar nan mai tari a sayo shi: yana kwasar dutse, yana haƙa rami, yana shiga lungun da jaki ma sai ya yi tunani. Baba ba ya musu da wannan. Sai dai ya tambaya wa zai ja garma, wa zai ja tirelar tumatir zuwa bakin hanya, wa zai kawo tankin ruwa ranar da injin rijiya ya yi fushi. Ya ce kuma ɗan katafilan in ya juya, murje ƙasa yake har ta yi tauri kamar daɓe.

Ina ƴar ƙarama na ga ana dasa rumman da ɓaure a lambun. Baba bai auna tazara da taki ba yadda kowa ke yi. Tarakta ya shigo da ita, tirela a bayanta, ya bi layi a hankali, inda ta wuce sakayau nan ya sa a haƙa. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai Bahaushe ya yi wa mota titi a ƙasar da ake auna ta da tafin hannu. Na tambaye shi ko bai ji haushi ba. Ya ce, "Uwata, itace ba ya matsawa in ya girma. Gara in ba shi wuri tun yana yaro."

Bana kwari ya kawo ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da ya janye, lambun ya koma filin duwatsu da yashi. Ƴaƴan Ammi Musa suka gaya wa Yaya Lawali, wanda ya gaji aikin Baba, cewa in ba a share ba kafin shukar alkama, za su ba wani mai kayan aikin zamani lambun. Inna ta daina cin abinci sosai. Yaya ya fara neman mai sayen taraktar, ni kuwa ina ta tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga ranar ɗan katafila ta zo.

Kafin a samu mai saye, masu lambuna suka haɗu suka yi hayar ɗan katafila daga gari. A lambunan maƙwabta shi kaɗai ke iya ratsa itatuwa, ya ɗebo shebur ɗaya, ya yi doguwar tafiya ya zubar, ya dawo. A namu kuwa tarakta ta shiga gefensa da tirela, yana lodi tana fitarwa. Da ya gama, garma ta bi inda tayoyinsa suka murje, ta farfasa ƙasar. Ina tsaye ƙarƙashin rumman ina jin ƙarar injuna biyu, kamar Baba da Ammi Musa ne suka koma gardamarsu, wannan karon kowa yana ba ɗan'uwansa gaskiya.

Mu muka fara shuka a gefen kwarin. Ammi Musa, wanda yanzu sai da sanda, ya sa aka kawo shi. Ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ce wa Yaya, a gaban ƴaƴansa, "Ubanka ya ci ni gardama yana kwance. Lambu yana hannunka, ɗana."

Baba bai bar mana gida nasa ba, bai bar ƙasa da sunansa ba. Na daɗe ina zaton bai bar komai ba sai mu. Ashe ya bar tunanin mutumin da ke dasa itace yana hango ranar wahala da ba zai gani ba. Makon jiya Yaya ya aiko wa Inna damin ɗanyar alkama, don dai ta gani da idonta. Ta riƙe shi a cinya, ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ce a zubo mata tuwo.