Baƙar Kwalbar da Na Cire daga Akwatin Baba

Ni na cire kwalbar, kuma a lokacin gani nake na yi dabara.

Babana malamin dabbobi ne a Malumfashi. Magunguna cike da ɗaki a gida, amma abin da ke bin sa kasuwannin ƙauye akwatin katako ne a bayan keke, ɗan mitsitsi, ko ɓera ya shiga sai ya bar jelarsa a waje. Ni ke shirya shi. Dokar Baba ɗaya ce: duk maganin da aka taɓa, a mayar da shi gaba. Wanda ba a nema zai yi ta ja da baya da kansa, in sabo ya zo babu wuri, na can ƙurya ne ke komawa ɗaki.

Wata baƙar kwalba ta kwashe rani a ƙurya, maganin kumburin ciki. Gizo-gizo ya yi aure a kanta har ya ga jikoki. Ranar kasuwar Kafur da safe na fitar da ita, na cusa maganin kaska, wanda kowa ke nema. Ban tambaya ba. Na manta an yi ruwan fari, ciyawa ta tsiro, kuma lokacin ne shanu ke cika ciki da ɗanya su kumbura.

Muna sauka sai ga wani dattijo da gudu, hula a hannu. Ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya kwanta a bayan kasuwa, ciki kamar ganga.

"Malam, ka taimaka. Gobe zan ɗaura garma."

Baba ya buɗe akwati, ya laluba ƙurya. Ya sake lalubawa.

"Kai, ina baƙar?"

"Ai ba a nemanta, Baba. Tana gida."

"Da rani ne ba a nemanta."

Bai mare ni ba. Ya sa aka ɗura wa san man gyaɗa, ya sauke akwatin, ya hau keke ya juya Malumfashi.

"Ɗana, riƙe masa kai," in ji dattijon.

Na riƙe. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Ƙudajen da ke bakin idonsa kawai nake kallo, suna tashi suna sauka.

Da numfashinsa ya fara yankewa aka kira mahauci, kada ya zama mushe. Baba ya iso da kwalbar ana fiɗa. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka da hannu dattijon ya yi huɗa a daminar, rabin gonar bai nomu ba.