Malam Issahaku da Kaset ɗin da Ya Goge

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 1997, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran Malam Issahaku Sidiku a gidansa da ke Salaga, bayan jinyar ciwon hanta ta wata huɗu. Shekarunsa arba'in da tara. Labarin ya same ni a Bawku washegari, ta bakin wani direban lori mai dakon albasa, kuma kafin in iso har an kai shi makwancinsa. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma.

Ni Wahabu Mumuni, tare muka yi kwalejin malanta, tare muka fara koyarwa a Yendi. Amma shekara uku na ƙarshen rayuwarsa ko sallama ba ta haɗa mu ba, kuma laifina ne.

Issahaku, a 1985 ka ajiye alli ka koma jami'a neman digirin dakta a fannin nazarin zaman jama'a. Na tambaye ka wane irin karatu ne wannan, ka ce a zauna da mutane ne, a ci abin da suke ci, a rufe baki a saurara. Na ce ashe gulma ma ana ba ta digiri. Ka yi dariya, ka ce in kawo babur ɗina mu tafi.

Tambayarka ɗaya ce: yaya shawarar da aka yanke a wani ofis a bayan teku take isowa kasuwarmu, har ta zama rigimar gona ko ta sarauta? Ka bi buhun ƙwarar kaɗe daga hannun matan Yendi har tashar jirgin ruwa. Ka zauna a kara a Bawku kana lura da yadda kuɗin saniya yake motsi duk lokacin da kuɗinmu sidi ta faɗi a gaban sefa, kuɗin maƙwabta na tsallaken iyaka. Da aka janye tallafin taki, ka bi manoman doya gona-gona kana tambayar wa ya koma aron fili, kuma a wurin wa. Hajiya Damata mai man kaɗe ta taɓa korar mu da muciya, da ta ga rediyon da kake naɗar hira da shi, ta ce ita ba ta magana da rediyo. Ka koma sau biyar, kana taya ta ɗaure kaya, har ranar da ta ce, "To Ticha, kunna abin naka, amma in ya fita bakinka, Allah ya isa." Ka ce, "Hajiya, amana ce."

Haka ka tara kaset ɗari biyu da goma sha huɗu cikin shekara tara. Ni na rubuta fiye da rabinsu a takarda, a duk hutun makaranta, har yatsana ya yi kanta. Mutane sun saki jiki da kai, sun faɗa maka abin da ba sa faɗa wa 'ya'yansu: wanda ya ba wani fili a ɓoye, wanda yake tsallaka iyaka da kaya, wanda bai yarda da sarkin da danginsa suke goyon baya ba.

Sai fitinar ƙabilanci ta 1994 ta tashi. Ba sai na faɗa wa mutanen Salaga da Yendi abin da suka gani da idonsu ba. Ana cikin haka wasu 'yan boko biyu suka zo maka, suka ce ka ba su kaset ɗin su tsamo hujjar da za ta taimaki ɓangarensu. Ka hana. Bayan kwana uku wasu suka zo daga ɗaya ɓangaren da buƙata iri ɗaya, kuma su ba da fara'a suka zo ba.

Ba ka yi shawara da kowa ba. Ka ari rediyo mai cin kaset biyu, ka riƙa naɗar karatun Alƙur'ani a kan kowane kaset, ɗaya bayan ɗaya, kwana goma sha ɗaya. Takardun da na rubuta kuwa, matarka Asiatu ta hura wutar koko da su.

Da hanya ta buɗe na zo na tarar da aikin gama. Wallahi raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Na ce ai da ka sauya sunaye, kamar yadda masu irin wannan bincike suke yi. Ka ce, "Wahabu, suna ake sauyawa, ba murya ba. A garin nan ko tari mutum ya yi an san shi." Na ce da ka aika su Accra. Ka ce ta wace hanya, alhali ana zazzage kaya a kowane shinge? Na kira ka matsoraci a gaban matarka, na hau babur na tafi.

Digiri ya tafi ke nan. Ka koma aji kana koyar da yara, 'yan gari suna tsokanarka da "Dakta saura kaɗan", kai kuma kana amsawa. Wasiƙa biyu ka aiko mini Bawku, ban ba da amsar ko ɗaya ba. Na ji labarin ciwonka, na ce sai hutun makaranta.

Ranar sadakar bakwai wani dattijo ya iso a kan keke daga wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙauyen ba. Bai zauna cikin maza ba, sai ya nemi a yi masa iso wurin Asiatu, aka ce in raka shi. Bayan gaisuwa ya sassauta murya ya ce, "Uwargida, rediyon Malam fa, yanzu a hannun wa yake?" Ta ce babu abin da ya rage tun shekara uku. Ya sake tambaya, ta rantse masa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa. Ashe ya taɓa faɗa maka cewa a wani rikici da ya gabata ya ɓoye maƙwabtansa bakwai, 'yan ɗaya ɓangaren, a rumbunsa, kuma ya ambaci sunayensu. Da mutanensa sun ji wannan kaset a 1994, da shi da 'ya'yansa ba za su kai labari ba. Tun da ya ji rasuwarka bai iya cin abinci ba. A gabana ya ce a kawo masa tuwo.

Ni na rubuta hirar mutumin nan da hannuna, Issahaku. Na san abin da ke cikinta, amma shekara uku ina kukan yatsana, ban tuna da wuyansa ba ko sau ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Asiatu, da 'ya'yansa Hanatu da Musah, da dangi, da jama'ar Salaga, Yendi da Bawku. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ya Allah ka jiƙan bawanka Issahaku, ka yalwata kabarinsa, ka rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka. Asiatu, a gabanki na zage shi, kuma na makara wajen neman gafararsa. Ke da kike raye, ki yafe mini.