Ranar da Aka Ɗaure Mini Ido a Masallaci

Shekarun baya, in za a sayi kayan sauti na masallaci ko na taron biki a unguwarmu a Kaura Namoda, ni ake kira. Ana cewa ina da kunne, ni ma na yarda. Dabarata ɗaya ce: in ɗaga amfilifaya in ji nauyinta. In ta yi nauyi, to ta asali ce. Sai in kunna, in lumshe ido ina gyaɗa kai.

Da kwamitin masallacinmu ya ba ni aikin zaɓo sabuwa, na kawo wata baƙa mai tsada, sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga ta. Abokina, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya zo da wata 'yar ƙarama mai araha, wai a gwada. Raina ya ɓaci. Na ce tawa tana fito da murya da kauri, tasa kuwa ƙarar gwangwani take.

Ya ce, "Malam, in kunnenka ka aiki ba idonka ba, bari mu ɗamre ma ido mu gani."

A gaban dattawa ya faɗa, ba halin in ƙi. Aka naɗe mini fuska da rawani. Ladan yana karatu, abokina yana sauya waya. Sau biyar aka yi. Kowane karo in na ji wadda ta yi mini daɗi, sai in buga ƙirji in ce, "Wagga tawa ta, ko cikin barci na san ta." Ashe sau huɗu ƙaramar nake yabo.

Na ce sam, an yi mini maguɗi. Abokina ya sa sukudireba ya buɗe baƙar. Guntun ƙarfe ne aka ɗaure a ciki don ta yi nauyi. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Daga ranar ba wanda ya ƙara kirana zaɓen komai. Na gane rabin abin da nake ji, ido da hannu ne suke faɗa wa kunne. Amma ganewa ba ta kashe haushi ba. Ƙaramar tana nan a masallacin har yau, kuma duk lokacin da ladan ya kira salla muryarsa ta fito tas, sai in ji raina ya ɓaci kafin in yi alwala.